Motar Alhaji Isuhu Tana Numfashi

Cikin shekarun da na yi ina aikin taya a Gidan Rumji, rana guda ta ƙi fita daga raina: ranar da Lawali ya kawo mini motar mahaifinsa. Ƙarshen damina ne, da hantsi, gero ya fara nuna. Ina zaune bakin garaji sai ga wata doguwar baƙar mota ƙirar Jamus, irin ta manyan da, tana tahowa a hankali kamar mai rakiyar gawa. Kowa a yankinmu ya san ta. Ta Alhaji Isuhu ce, babban ɗan kasuwar hatsi na Sae Sabuwa, wanda ciwon ƙirji ya yi ajalinsa bayan doguwar jinya.

Lawali ya fito, muka gaisa, ya ja ni gefe.

"Malam Garba, na kai ta wurin makanikai a Maradi, na kai ta wurin malamai. Kai kaɗai ka rage."

"Mi ke damunta?"

Ya waiga ya dubi motar, ya rage murya. "Numfashi take yi."

Ya ce tun rasuwar mahaifinsa motar tana ajiye cikin rumfa. A bana ya tayar da ita don ya riƙa kai mahaifiyarsa, Hajiya Baraka, ganin likita. In shi kaɗai ne a ciki, lafiya lau. Amma da zarar Hajiya ta zauna a kujerar baya ta hagu, mazaunin marigayi, sai abin ya soma. Direbansu ya ajiye makulli ya tafi. Matan gida sun rantse ba za su ƙara shigarta ba.

Na leƙa. Hajiya tana zaune a wurin, 'yar tsohuwa marar jiki, da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta, na shiga gaba, na ce Lawali ya ja mu zuwa hanyar burji.

Ba mu yi nisa ba na ji shi. Haaa... shiru... haaa. Ba ƙarar ƙarfe ba ce. Sak mutum ne kwance yana jan numfashi da ƙyar, a daidai bayan kujerar Lawali. Ga ƙamshin turaren marigayi har lokacin bai bar kujerun ba. Sai na ji Hajiya ta ce a hankali, ba da mu take ba, "Sannu, Alhaji."

Wallahi saura kaɗan in ce a sauke ni. Sai na daure, na ce Lawali ya ƙara wuta. Numfashin ya ƙara sauri. Na ce ya rage, ya ragu. Nan hankalina ya ɗan dawo, domin abin yana bin juyin ƙafar mota.

Da muka koma garaji na lura jantocin motar sababbi ne fil, suna ƙyalli. Janti shi ne ƙarfen da ake ɗora taya a kai. Lawali ya ce ya sayo su a ƙetaren iyaka don motar ta yi kyau, kuma ramukan noti sun zo daidai. Ku da kuke koyon aikin nan, a nan mutane da yawa ke faɗawa. Ramuka su yi daidai ba shi ne ƙarshen magana ba. Kowane janti yana da zurfinsa, wato inda fuskarsa ke zama a jikin mota. Wani yana turo taya waje, wani yana cusa ta ciki. Tsofaffin motocin nan kuwa ba a bar musu fili da yawa ba.

Na sa aka shimfiɗa wa Hajiya tabarma a inuwa. Kafin in ɗaga motar, na kwanta na cusa kai ƙarƙashinta ta baya. Inji a kashe, babu kowa a ciki, Lawali yana can wurin mahaifiyarsa. Ina nan kwance sai na ji shi kuma, sau ɗaya, dab da kunnena. Haaa. Na yi wuf na fito, na buge goshi da ƙarfe. Wataƙila motar ce ta saki jiki bayan an sauka. Haka nake faɗa wa kaina har yau, amma ban taɓa jin mota a tsaye ta yi haka ba.

Na yi bisimilla, na sa kirik, wato jak, na ɗaga ta, na kwance ƙafar baya ta hagu. Na gitta sandar ƙarfe a bayan jantin na auna: ya cusa taya ciki da kusan yatsa biyu, ga shi da ɗan lanƙwasa. Sifirin ɗin ɓangaren kuma, wato ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, ya gaji, don Alhaji mutum ne mai jiki, kuma nan ya zauna shekara da shekaru. Ko ɗan nauyin Hajiya ya isa motar ta sauka, tayar ta riƙa shafar tiyon birki sau ɗaya a kowane juyi. Na taɓa tiyon. Ya cinye har zare ya fito, yatsana ya jiƙe da mai. Tafiya ɗaya ko biyu zuwa Maradi ta rage masa.

Lawali ya hau babur ya koma Sae Sabuwa, ya kwaso tsofaffin jantocin daga rumfa. Na wanke su, na ɗora tayoyi masu faɗin da ya dace, na canza tiyon, na ce ya nemo sabon sifirin. Bayan la'asar muka sake fita hanyar burji, Hajiya a mazauninta. Tsit. Na juya ina murmushi don in yi mata albishir, sai na ga hawaye yana bin kumatunta.

"Ɗana," ta ce, "mayar mini da waɗancan jantocin."

"Hajiya, waɗancan su ne ciwon."

"Na sani. Wata bakwai ina kwana da wannan numfashin a gefena. Ranar da ya tsaya, gidan ya yi mini faɗi. Sai a motar nan na sake jin shi."

Na ce, "Hajiya, in na mayar, wata rana za a taka birki ya ƙi kamawa. Kuma Lawali ne ke tuƙi."

Ta daɗe tana kallon ƙeyar ɗanta. Sannan ta share fuska da bakin mayafi. "To, bar su. Lawali, tsaya in dawo gaba kusa da kai."

Na sauka na ba ta wurina. Ban iya zama a kujerar hagu ba, na zagaya ta dama.

Tun daga ranar ba na ɗaura janti sai na auna zurfinsa, kuma ba na gwada mota babu mutanen da ke shigarta, kowa a mazauninsa. Na kuma daina cewa "na kashe muku ƙarar" da fara'a, sai na fara duban fuskar masu motar. Wani lokaci akwai wanda yake saurarenta.