Mainasara da Kukan Ordinater

Tun kafin kwamfuta ta shigo ofishin ƙungiyar manoman lambu a Madarumfa, Mainasara ne ƙararrawar wurin. Shi ne ɗan aike. In baƙo ya zo, shi ke sanarwa. In takarda ta iso daga Maradi, shi ke kai ta. In kuma rasuwa aka yi a Gabi, shi ake turawa ya faɗa wa dangi, don ya iya sassauta murya. Bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma da tsohon kekensa da wannan aiki yake ci da gida, gonarsa ma ya daɗe da bar wa ƙanensa.

Ranar da masu tallafi suka aiko da kwamfutar, wadda a can ake ce wa ordinater, mutumin da ya zo haɗa ta ya yi bayani yana hura hanci. Muddin mutum ya kunna ya shiga da kalmar sirrinsa, in ji shi, duk sa'ad da saƙon mel ya iso za ta yi ƙara, tirrin, ta sanar da shi. Mainasara na bakin ƙofa yana ji. In ƙarfe ya iya sanarwa, shi kuma ya ci me?

Sai dai waɗanda suka ƙera na'urar ba su san Madarumfa ba. Sun ɗauka ma'aikaci a kujerarsa yake wuni. Shugaban ofis, Mushe Habibu (Mushe shi ne "Malam" na 'yan bokon Faransanci), yakan shigo da safe ya kunna ta, ya buga kalmar sirri, ya ajiye jakarsa bisa tebur don ta yi masa shaida, sannan ya wuce bakin tafki, rumfar Ɗelu mai suyar kifi, inda yake cewa yana da taro. Sakatariya Farida kuwa tana zagayen sayar da atamfofin da take sarowa a Ɗan Issa. Kwamfuta ta yi ta tirrin, tirrin, ba mai amsa mata sai bango. Da haka aka raba irin albasa a Maradi, ƙungiyar ba ta sani ba sai da aka gama.

Mushe Habibu ya yi dogon tunani, ba a kan ya riƙa zama a ofis ba, Allah ya kiyaye. Sai ya ɗora wa Mainasara sabon aiki: ya zauna kusa da na'urar, da ta yi ƙara ya garzayo ya faɗa masa. Wato aka sa wa ƙararrawa ƙararrawa.

Mainasara ya riƙe aikin da hannu biyu, kuma ya yi shi yadda ya gada. Ba ya faɗin saƙo haka kawai kamar marar tarbiyya. Yakan jingine keke yana haki ya ce, "Albishirinka, Mushe!"

"Goro."

"Hwari ko ja?"

"Hwari."

"To, ordinater ta yi kuka."

Tun Mushe Habibu na dariya har ya saba ajiye goro a aljihu. Mainasara kuwa ya zama masani. Ƙarar iri ɗaya ce kullum, amma ya rantse yana bambance ta alheri da ta sharri. Ya taɓa tado Mushe daga kan kifi mai zafi da cewa wannan kukan na manya ne, aka zo aka tarar tallan famfon ban ruwa ne. Bai ji kunya ba. Ya ce ai mai famfo ma babba ne a gidansa. Har masunta suka laƙaba masa Tirrin, yana amsawa da jin daɗi.

Ana nan Mushe Habibu ya sayo babbar waya, aka sa masa mel ɗin a ciki. Bai faɗa wa kowa ba.

Wata Laraba Mainasara ya iso rumfar da gudu, ya tarar da Mushe Habibu ya ƙura wa wayar ido, kifinsa ya huce. Ya riga ya karanta. Masu tallafi ne suka rubuto cewa tunda yanzu na'ura ke sanar da saƙo, an soke gurbin ɗan aike daga ƙarshen wata.

"Albishirinka, Mushe! Wanga kukan mai daɗi ne, wallahi alheri ne."

"Goro," in ji Mushe Habibu, muryarsa a ƙasa. Tausayi ya kama shi ƙwarai, amma bai kai ya faɗa masa gaskiya ba.

A ofis ya ce wa Farida ta faɗa wa Mainasara. Ta ce ita ba ta iya irin wannan ba, ai aikin shugaba ne. Ya ce shi kuma yana da taro. Suka dubi juna, suka tuna cewa a wannan ofishi mutum ɗaya ne ke kai mugun labari. Farida ta buga saƙon a takarda, ta liƙe a ambulan, Mushe Habibu ya kira Mainasara ya miƙa masa yana duban ƙasa.

Mainasara ya karɓa da hannu biyu, ya duba fuskokinsu. Ya san irin wannan shirun, ya sha ɗaukar sa zuwa gidajen mutane. Sai ya sassauta murya ya ce, "Allah sarki. Mushe, wa za ni kai ma?"