Bakan Yaya Mai Cin Kibiya Goma

Yayana kafinta ne, kuma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Shekara ashirin yana haɗa ƙofofi da gadaje a rumfar ƙofar gidanmu lafiya lau, sai ga wani baƙin kare daga jujin bayan mayanka. Ƙato ne, kunnensa ɗaya a yage. Ya kashe awaki huɗu a layinmu, sannan wata safiya ya tare Innarmu a hanyar famfo, ya kayar da ita, ya yage mata ƙwauri har ana ganin ƙashi. Ɗinki goma sha bakwai aka yi mata, ban da allurai. Hanyar famfo kuwa guda ɗaya ce, kuma Inna ba ta iya zama wuri ɗaya ba.

Maƙwabta suka ce a sa guba a nama. Yaya ya ce kajin mutane za su ci. Ya ture aikin kowa gefe, ya kama haɗa baka.

Ba irin bakan da ka sani ba ne. A kwance yake kan katako kamar bindiga, a samansa akwai siririn akwati mai cin kibiya goma, ɗaya kan ɗaya. Ka tura mariƙi gaba, akwatin ya kamo tsarkiya. Ka jawo baya, kibiya ta fita fyu! Wata ta faɗo gurbinta. Don kada kibau su maƙale, sai ya yi su gajeru, sumul, babu gashin tsuntsu. Don mariƙin ya yi sauƙin ja, sai ya yi ta kankare gorar bakan har ta zama siririya. Halin kafinta ke nan, in abu bai zame salin-alin kamar durowa ba, a wurinsa bai haɗu ba.

Ya gwada a kan kwali, goman duk suka huda. Abokinsa mahauci ya tsinci kibiya ɗaya ya kwashe da dariya.

"Malam kafinta, wannan ai tsinken sakace ne! Ka san kaurin fatar kare kuwa? Yi guda ɗaya mai ƙarfi ka huta."

"In na kuskure ɗayar fa?" in ji Yaya.

Ni ma na ce, "Yaya, don Allah gwada a kan fata mana." Ya ce, "Auta, je ki duba tukunyarki." Haushi ya sa na yi kwana biyu ban gaishe shi ba.

Ranar da Inna ta fara takawa, da hantsi, ta faki idonmu ta ɗauki bokiti. Ihunta muka ji. Karen ya tsaya a gabanta, yawu na zuba. Yaya ya suri bakan ya ruga, ya fara turawa yana ja, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kibau suka sami karen a wuya, a kafaɗa, a haƙarƙari, suna reto a jikin fata kawai. Ko ɗingishi bai yi ba. Sai dai ya bar Inna ya juyo.

Tsalle ɗaya ya yi ya kai Yaya ƙasa. Yaya ya cusa masa bakan a baki, karen ya tauna akwatin ya farfashe, ya cafki hannunsa na dama. Na ji ƙarar ƙashi da kunnena. Yana girgiza kai, jini na feshi a bango. Ban san lokacin da na ɗauko guduma daga kan benci ba. Na yi ta maka masa a ka ina zaginsa, har kan ya fashe, har gudumar ta riƙa suɓuce mini saboda jini. Ko da ya mutu bai saki ba, sai da mahauci ya zo ya ɓanɓare haƙoran da wuƙa.

A asibiti likita ya yanke yatsu uku, har da babban. Da Yaya ya farfaɗo ya ce, "Inna fa?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Kibau nawa suka fita?"

"Duka goman."

"Bai maƙale ba ko sau ɗaya?"

Na ji kamar in kwaɗa masa mari, amma na ce, "Bai maƙale ba, Yaya."

Ya yi murmushi. "To gorar ce kawai. In na ƙara mata kauri, na tsawaita mariƙin kamar haka..." Ya ɗago hannun zai kwatanta mini, ya ga dunƙulen bandeji. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da shi kan ƙirjinsa a hankali.