Na Zama Tafintar Inna

Ni ce ƴar farin Inna, shi ya sa ban taɓa jin ta kama sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Birnin Lalle, can na girma. Ko da na dawo Dakoro na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, in tana son in yi wani abu sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Ce ma waccan ta rage gishiri." Ina zaune fa a gabanta, ko taku biyu babu tsakaninmu. Kunyar nan ta sha ba ni haushi, ba zan ɓoye ba.

Inna ta yi wajen shekara goma da ɗaukewar al'ada lokacin da ciwon mara ya matsa mata. Aka tura ta hoton ciki, wanda muke ce wa eko. Likitar matashiya ce daga yamma, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da cinikin tumatir ba. Ƙanwata kuma tana aure a Azagor. Wa ya rage mai jin Faransanci? Waccan.

Haka muka shiga ɗakin mu uku. Inna ta kwanta, ta ɗan sassauta zani, ta kafa wa rufin ɗaki ido. Ni kuwa na juya na fuskanci bango, ina fassara kamar ɗalibar da aka yi wa horo. Likitar ta ce akwai wani ɗan ƙullutu mai ruwa a jikin jakar ƙwai ta hagu, bai kai ƙwan zabuwa ba. Ruwa ne zalla, ba abin da za a yanka. Amma ga macen da ta daina al'ada ba a ƙyale shi haka, sai a riƙa dawowa bayan ƴan watanni ana auna shi, ana ɗibar jini. Ta kuma lissafo abubuwan da in an gani ba a jiran randebu, wato ranar da aka sa a dawo: ciki ya kumbura, ko a ƙoshi da loma biyu, ko jini ya dawo, ko ciwo ya ƙi tafiya. Na faɗa wa bango su ɗaya bayan ɗaya.

Inna ba ta taɓa saɓa randebu ba. Mace ce mai kiwon raguna, ta san abin da ake nufi da sa wa abu ido. Tun da safe za ta ba dabbobinta harawa, ta yi wanka, ta riga ni zuwa, ta zauna a benci cikin ƙananan mata masu ciki, sa'o'in jikokinta. Wasu su yi ta ƙus-ƙus suna dariya, ita ko a jikinta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsarta. Duk abin da likitar ta tambaya ta bakina, sai Inna ta ce, "Lahiya lau." Mara? Lahiya lau. Abinci? Lahiya lau. Sai tsoro ya kama ni. Macen da ba ta iya ce mini miƙo ludayi, ta yaya za ta ce mini ta ga jini?

Fiye da shekara ƙullutun yana nan yadda yake, har na fara sakin jiki.

Wata Talata da hantsi ina rubutu a allo, sai na ji yara sun yi tsit. Na waiga, ga Inna tsaye a ƙofar aji da mayafinta na unguwa. Ba ta taɓa taka lakwal ba, ko gidana sau biyu ta shiga. Na fito da alli a hannu. Ta dube ni cikin ido, ta ce, "Cikina ya kumbura kwana shidda. Tuwo loma ukku nika yi in ƙoshi. Jiya na ga jini kaɗan. Aje allin mu tahi."

Saura wata biyu randebu ya cika. Likitar ta duba, ta ce ƙullutun ya girma, kamanninsa ma sun sake, ta rubuta mana takardar zuwa asibitin Maradi a ranar. Cikin makon aka yi aiki aka cire shi. Wanda ya yi aikin ya ce mun zo a kan lokaci.

A kwana na uku da yin aikin ina ba ta kunu da cokali, na kasa haƙuri na ce, "Inna, da kin aiko ko maƙwabciya ce, ai da na zo."

Ta haɗiye kunun. Sannan ta ce, "Maganar ta bakinki ta hito, ke za ni maida ma ita. In na yi shiru na mutu, sai a ce ɗiyar ce ba ta hwaɗi daidai ba. Ba ni barinki da wannan."

Shekarata arba'in da huɗu a lokacin. Na ajiye kwanon na fita tsakar asibiti, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka shiga da ita ɗakin aiki.