Hawan dutse da Baba a Virginia

Hyattsville, biyar da kwata na asuba

Ranar hutuna ɗaya tak a mako, amma Na'omi, 'yata mai shekara sha biyar, ta ƙwace ta. An ba ta aiki a makaranta: me ya sa mutanen Inka na dā suka gina gari can bisa duwatsu? Wai sai ta hau dutse ta ɗauko hoto, ko ta rasa maki. Mahaifina, da ya zo mana ziyara daga Filato, ya riga mu shiga mota da silifas. Takalmin da na saya masa yana ɗaki.

"Baba, dutse fa za mu hau."

"Ladi, ni za ki koya wa dutse?"

Hanya, mil tamanin

Sau biyu na ɓata hanya saboda Na'omi mai riƙe da taswirar waya ta yi barci. A gidan mai Baba ya kurɓi shayinsu ya ce ruwan wanke kofi ne.

Gindin dutse, takwas saura

Minti arba'in da fara hawa, gwiwoyina suka fara kuka. Na'omi na mita babu sabis. Tsoho mai shekara saba'in da huɗu kuwa ya yi gaba abinsa, yana juyowa yana mana tsaki.

Bisa dutse, goma da rabi

Na zube ina haki. Na'omi ta karanto abin da ta rubuta, ina fassarawa: bautar rana, iska mai daɗi, wurin hutun sarki.

"Nasu ban sani ba," in ji Baba. "Leƙa ƙasa. Me kika gani?"

"Mota," ta ce da Hausarta mai tsami.

"To mai zuwa ma haka za ki hango shi. Kuma doki ba ya hawa nan. Kakata a kan dutse aka haife ta. Ƙanwarta ta sauka ɗibar ruwa, mahara suka tafi da ita."

Raina ya ɓaci. "Shekarata arba'in da huɗu, ba ka taɓa faɗa mini ba!"

"Kin taɓa tambaya?"

Gida, biyar na yamma

Mun iso lafiya, godiya ga Allah. Ina jiƙa ƙafafuna a ruwan zafi na ji Na'omi a falo tana harhaɗa Hausa.

"Kaka, yarinyar... mene sunanta?"



"Ni ma ban tambaya ba," in ji Baba.