Shekara Bakwai Babu Mai Kwance Dami

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Salisu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Aujara. Ni na karanta sanarwar rasuwarsa a rediyo. Bayan zaman makoki na koma bakin aiki a Dutse, aka miƙo mini takardun sanarwa kamar kullum, tasa tana tsakanin ta wani ɗan kasuwa da ta wata dattijuwa daga Taura. Abokin aikina ya ce in bar masa. Na ce ya bari. Na karanta sunan, na ambaci iyalin da ya bari, na ce Allah Ya jiƙansa, na wuce ta gaba. Muryata ba ta yi rawa ba. Waɗanda suka saurara sun yi ta yaba dauriyata. Ba dauriya ba ce. Ban ji komai ba ne, kuma har yau abin bai gama isowa ba.

Ba don in yabe shi nake wannan rubutu ba, masu yabonsa suna da yawa. Saboda wani rumbu ne da ke bayan makarantar, wanda ya kamata ya cika kowace kaka, amma ya daina cika.

Tun kafin a haife mu, mutanen ƙauyenmu suna da al'adar damin makaranta. Idan an yanke gero, kowane magidanci kan sauke dami ɗaya a gindin tsamiyar da ke bayan ajujuwa, a kan hanyarsa ta komawa gida. Ba zakka ba ce, ita wannan daban ake fitar da ita. Ba kuma dole ba ne. Daga wannan gero ake ɗebar wa malaman da aka turo daga nesa, da masu koyarwa na sa-kai waɗanda ba su da albashi. Sauran a zuba a rumbu, a rufe, sai damina ta faɗi. A lokacin ne hatsi ke ƙarewa a gidaje da yawa, yaro ya fito da safe cikinsa babu komai. Sai a buɗe rumbu, matan unguwa su riƙa karɓa-karɓa suna dama kunu, kowane yaro ya sha kofi ɗaya kafin a shiga aji. Wannan kunun ne ke riƙe yara a makaranta a zangon ƙarshe. In babu shi, iyaye kan ga gara yaron ya bi su gona, ko ya tafi ƙwadago inda aƙalla za a ba shi fura.

Yaya bai ƙirƙiro wannan al'ada ba. Abu ɗaya ya ƙara mata, shi ne kwance dami.

Wanda bai tashi a karkara ba zai ɗauka dami dami ne kawai. A wajenmu kowane gida da irin ƙullinsa. Wasu da ɓawon kalgo suke ɗaurewa, wasu da rama, wasu su naɗe sau biyu su soke bakin igiyar ta ƙasa, wasu su bar mata jela. Ɗa daga ubansa yake koya. Saboda haka duk wanda ya gifta gindin tsamiya ya san damin wane ne wannan ƙato, na wane ne wancan siriri, kuma gidan wa bai kawo ba. Yara sun fi manya iya karanta wannan.

Sai Yaya ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk lokacin da aka sauke dami, ko yana tsakiyar darasi ne, zai ba yara aiki a allo, ya fita da 'yar wuƙarsa, ya yanke igiyar, ya baje zangarniyar cikin tulin da ya riga ya tara. Idan an tashi daga makaranta ya zauna ya sake ɗaure su, duk girma ɗaya, duk ƙulli ɗaya. Na taɓa zuwa hutu na tarar da shi a kai, ƙaiƙayi ya cika masa wuya.

Na ce, "Yaya, wannan wahalar ta mece ce? An ɗaure, ka kwance, ka sake ɗaurewa."

Bai ɗago ba ya ce, "Kai da ke rediyo, in mutum ya yi magana ba ka gane shi ko ba ka gan shi ba?"

Na ce ina ganewa.

"To, mu nan ƙulli muke ganewa. Yaro ba ya shan kunu da daɗi in an san damin ubansa ne ramamme. Miƙo min ramar can, ɗan birni, tunda ba ka da wani amfani."

Iyakar bayanin da ya taɓa yi mini ke nan. Bai kasance mai yawan magana ba, kuma ba zan ce mai sauƙin hali ne ba. Yana da zafi, yana da riƙo, ya taɓa shekara bai gaisa da wani ɗan uwanmu ba saboda iyakar gona. Amma a zamaninsa babu wanda ya san wa ya kawo, wa bai kawo ba, kuma rumbun kan cika har a rasa inda za a sa saura.

Bayan rasuwarsa, mu tsofaffin ɗaliban makarantar da ke Dutse da Kano da sauran birane muka haɗu a wani zaure na waya, muka ce za mu riƙe abin da ya bari. Ina so in yi adalci a nan. Mutanen nan sun yi aiki. Rufin kwanon da iska ta yaye shekaru, su suka mayar. Yaran da muka sani suna zaune a ƙasa, yau a kan benci suke. An sayi alli da littattafai, an haƙa rijiya, ana kuma ba malaman sa-kai ɗan abin sabulu duk wata. Da Yaya zai dawo ya tsaya cikin ajinsa ana ruwa, ya ga ba ya ɗiga, na tabbata zai ji daɗi, ko da ba zai faɗa ba.

Amma mun zo da tsarinmu na birni. Muka ware rana guda bayan girbi, a kafa rumfuna, a jera kujeru, a ɗaura lasifika, kowa ya kawo gudummawarsa a bainar jama'a a faɗi sunansa. Don kada a ce an ware manoma, aka ce su ma su daina saukewa a gindin tsamiya, su kawo daminsu ranar taro a ambace su. Da kyakkyawar niyya aka yi, an ɗauka girmamawa ce. Ni ake ba lasifikar, tunda ni ne mai murya. Abin da aka miƙo mini nake karantawa, kamar yadda na saba.

A ɗaya daga cikin tarukan farko, damina ba ta yi kyau ba. Na sanar da motar siminti daga wani ɗan garinmu, aka yi tafi. Na sanar da buhunan shinkafa, aka yi tafi. Sannan na ce, "Baba Ɗanladi, dami ɗaya." Baba Ɗanladi tsoho ne, sa'an mahaifinmu, gonarsa jigawa ce. Ya taho ta tsakiyar fili da damin a kafaɗa, ba a ka ba, domin bai kai a ɗora shi a ka ba. Babu wanda ya yi masa dariya a fili. An ma yi tafi. Amma kafin mako ya zagayo, yara sun sa wa jikarsa suna a aji, suna ce mata jikar mai tsintsiya.

Bai sake kawowa ba. Shekara ta gaba wasu suka bi sahunsa, ta gaba wasu suka ƙaru. Babu wanda ya yi fushi, babu wanda ya kai ƙara. In an tambaya sai a ce bana gonar ba ta yi ba. Mu kuma ba mu lura ba, domin abin da ake tarawa a taro kullum ƙaruwa yake yi. Sai dai gudummawar birni ta fi son abin da za a ɗauka a hoto: fenti, ƙofa, allon suna. Kunu ba ya kyau a hoto, kuma kullum sai an sake shi. Bara rumbun bai kai rabi ba. Kunu ya ƙare tun ana noman farko, kuma hedimasta ya shaida mini cewa kafin jarrabawa bencinan nan sababbi da yawa babu kowa a kansu.

Matar Yaya, Yaya Talatu, ita ke shugabantar mata masu dama kunu har yanzu. Akwai wasa tsakaninmu irin na ƙanin miji, kuma mutuwa ba ta kashe shi ba. Bana da na je 'yan kwanaki kafin taro, na same ta tana sheƙe wake a tsakar gida.

Ta ce, "A'a, mai lasifika! An zo a faɗa wa duniya wa ya fi wa?"

Na ce, "Yaya Talatu, ko ruwa ba za a ba ni ba?"

"Ruwa akwai, kun haƙa mana rijiya, Allah Ya saka. Gero ne babu. Bana in rumbun nan bai samu ba, sai dai in dama wa yara fenti."

Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar wuƙar nan, ƙotar ta yi baƙi don riƙo. Ta ajiye a kan tabarma kusa da ƙafata, ta koma kan wakenta. Na ɗauka ganin wuƙar zai motsa mini wani abu. Na juya ta, na duba bakin, na ga tana son wasawa. Shi ke nan abin da na ji.

Na kira shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Musa, wanda muka yi aji ɗaya da shi kuma maƙwabcina ne a unguwar Limawa a Dutse. Na ce ina roƙon a cire dami daga sanarwa, a mayar da shi gindin tsamiya. Ya ce, "Ka fi ni sanin mutanenmu. Wani in ba a faɗi sunansa ba, ko buhu ɗaya ba zai turo ba." Na ce gaskiya ne, a ci gaba da faɗin na siminti, ni zan karanta da bakina. Dami kawai nake magana. Ya ce, "To, ba laifi. Amma wa zai zauna yana kwancewa? Malam ya tafi, hedimasta baƙo ne, kai kuma ko akuya ba ka iya ɗaurewa ba." Na ce zan gwada.

Liman ya sanar bayan sallar Juma'a. Washegari na zauna a gindin tsamiya da wuƙa da ƙunshin rama. Har rana ta take babu wanda ya sauke komai. Amalanke na wucewa, ana yi mini sannu da hutawa. Can bayan azahar wasu gidaje masu ƙarfi suka turo nasu, manya-manya. Na yanke igiyoyin, na baje. Da na zo sake ɗaurewa sai na gane ban taɓa koyon ƙullin gidanmu ba. Makarantar kwana aka kai ni ina gama firamare. Na naɗe, na ja, na yi irin ƙullin da nake yi wa igiyar shanya. Damin ya tsaya a karkace kamar mai ciwon baya.

Ina cikin haka na ji sallama. Baba Ɗanladi ne, da sandarsa, hannu babu komai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallon aikina.

Ya ce, "Ƙanin Malam, wa ya koya maka wannan ɓarna?"

Na ce, "Baba, babu kowa. Ko za a taimaka a ɗaure mini?"

"In na ɗaure, gari zai ce duk nawa ne, a zo a tambaye ni bashi." Ya taɓa ƙullin da bakin sanda. "Bar shi haka. Na yi shekara da shekaru ina kallon dami a garin nan, ban taɓa ganin gidan da ke irin wannan ba. Wannan ba na kowa ba ne."

Ya tafi bai ce zai kawo ba. Aka yi taro, na karanta sunayen masu siminti da masu benci da muryar da aka sani, aka yi tafi, na komo Dutse. Na bar wa Yaya Talatu wuƙar, bayan na nuna mata yadda nake ƙullin, tana dariya har da hawaye.

Ina yawan tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga makarantarsa yau. Ban sani ba. Mai yiwuwa ya zagaya ajujuwa ya ƙwanƙwasa kwano, ya gwada benci, ya ce madalla. Mai yiwuwa ya leƙa rumbu ya shekara bai yi mini magana ba. Ba zan sa masa magana a baki ba, aikina karanta abin da aka rubuta ne, shi kuwa bai bar rubutu ba. Sunansa yana jikin allon ƙofar makaranta da manyan baƙaƙe, mu muka sa. Amma in aka ce me ya saura nasa, ni ban ga allon ba. Na ga mutum ne da ya gane cewa a ƙauye irin namu, masu ƙaramin ƙarfi sun fi yawa, kuma su ke cika rumbu, muddin ba a sa su tsakiyar fili ba.

Makon jiya Yaya Talatu ta kira ni ina shirin shiga ɗakin labarai. Ta ce dami na ta sauka, rumbun ya haura rabi, bai cika ba, kuma ba ta san ko zai kai yara ƙarshen zango ba. Ta ce akwai sirara da yawa a ciki. Ɗaya ma, in ji ta, da ɓawon kalgo aka ɗaure shi, an naɗe sau biyu an bar jela.

Na ce, "Na wane ne?"

Ta ce, "Mai lasifika, na riga na yanke."

Na kashe wayar. Na shiga, aka kunna jar fitilar fara shiri, aka miƙo mini takarda. Sai da mai haɗa sauti ya ƙwanƙwasa gilashi kafin na iya fara sallama.

Allah Ya jiƙan Yaya Salisu, Ya sa kunun da yara suka sha ya tarar da shi.