Ladan Sulle da Wutar Masallaci

Duk wanda ya taso a unguwarsu a Tudun Kaya ya san muryar Malam Sulle kafin ya san fuskarsa. Shi ne ladanin masallacin unguwar tun ana hawa dakali a kira salla, kafin a kawo lasifika. Ba malami ba ne. Izu goma ya haddace yana yaro, mahaifinsa ya rasu, ya koma gonar gyaɗa. Amma yana da murya, yana da kiyaye lokaci, kuma ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba. Shi ya sa makullan masallaci suke aljihunsa, har da na ɗakin ajiya inda ake jingine tabarmi da butoci da makara.

Rabin rayuwarsa a kan baƙin keke ya yi shi. Da shi yake zuwa gona, da shi yake cin kasuwar Karaye da ta Rogo. Shi yake facin tayarsa, shi yake ɗaure sarƙa, yana ɗiga mata man gyaɗa da gashin kaza. Matarsa Barira takan ce ko 'ya'yansa ba su sami wankan da keken nan ya samu ba. Da girma ya kama shi, gwiwoyi suka fara ƙin taka feda. In ya dawo daga gona sai ya zauna a zaure yana matsa su kafin ya iya shiga gida.

'Yarsa ta fari, Munawwara, wadda ba ya faɗar sunanta, tana aure a Kano. Mijinta Maharazu ɗan kasuwa ne mai ladabi. Wata rana bayan an yi girbi ya zo gaisuwa, aka sauke wani abu daga bayan mota. Keke ne mai caji, ja, mai kwando a gaba. Maharazu ya durƙusa nesa da tabarma.

"Baba, ga shi a riƙa taka shi zuwa gona, saboda ƙafa."

Malam Sulle bai dubi keken ba, bai dubi surukin ba. Ƙasa ya kalla yana sa albarka. Maharazu ya yi bayani a taƙaice: kada batirin ya riƙa shan rana, kada ruwa ya shige shi, kada a bari ya mutu murus kafin a yi caji, kada a ɗora masa kaya masu nauyi. Malam Sulle yana cewa to, to, to. Da wani ne yake bayanin da ya ce a maimaita. Amma suruki ne, kuma kyauta ce, sai ya ga tambaya kamar raina alheri ce.

Shekarar farko ta yi daɗi. Keken ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, sai dai a gan shi ya wuce babbar riga tana kaɗawa. Gidansa babu wuta, don haka yakan kai shi Karaye wurin wani mai shagon caji, ya zauna a yi hira har ya cika. Caji guda yana kai shi Rogo ya dawo, ya yi zirga-zirgar gona da sauran. Ya riƙe shi yadda ya riƙe baƙin kekensa, domin abin da ya sani ke nan. Duk Juma'a da safe yana kwara masa ruwa yana cuɗa shi da soso. A gona yakan jingine shi a bakin kunya, rana ta dake shi tun hantsi har azahar. Lokacin roron gyaɗa buhu biyu yake ɗaura masa, ya hau a kai.

A shekara ta biyu keken ya fara gajiya. Ya zamana in ya je Rogo, a hanyar dawowa sai ya taka feda. Daga baya ko gona ya je sai fitilar batir ta koma ja. Ita kanta tafiyar Karaye don caji tana cinye rabin abin da ya samo. Barira ta ce ya faɗa wa yarinyar nan ta faɗa wa mijinta.

"In ce masa me? Abin da ka ba ni bai yi ƙarko ba?"

"Ka ce masa ya lalace, Malam. Ai abin hannu ne."

Bai faɗa ba. In Munawwara ta bugo waya ta tambayi keke, sai ya ce lafiyarsa lau, Allah ya saka da alheri.

A wannan tsakanin ne jama'ar unguwa suka haɗa hannu aka saka wa masallaci sola. Wani saurayi daga Rogo mai suna Ikrima ne ya yi aikin. Ya kafa farantan sola a kan rufi, ya ajiye batura da inbata, wato na'urar da ke juya wutar, a ɗakin ajiya, ya ja waya zuwa fankoki da fitilu da lasifika. Da zai tafi ya ce a gaban liman, Malam Abdulmumini, wutar an auna ta ne daidai da kayan masallaci, kada a jona mata komai, ko dutsen guga. Liman ya ce ai makulli na hannun Malam Sulle, babu abin damuwa.

Ranar da Malam Sulle ya fara jona keken a masallaci, cewa ya yi sau ɗaya ne. Akwai jana'iza a wani ƙauye, keken kuma babu caji. Bayan sallar azahar, da mutane suka watse, ya turo shi ta ƙofar baya, ya jingine shi kusa da makara, ya jona caja a soket ɗin da ke gefen inbata. Kafin la'asar ya cire. Ba abin da ya faru. Fankoki suka juya, lasifika ta yi ƙara. Ya ce a ransa, ai hasken rana ne, na Allah ne, kuma ba a rage wa kowa komai ba. Bayan kwana kaɗan ya sake. Kafin damina ta ƙare abin ya zama na kullum, saboda batirin keken ya zama kamar tulu mai yoyo, ana zubawa yana tsiyayewa.

Barira ta lura ya daina zuwa Karaye. Wata rana tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, a ina keken nan yake shan wuta yanzu?"

Ya ce, "Allah ne yake ciyar da kowa." Ya ɗauki buta ya fita. Ba ta sake tambaya ba, amma daga ranar ta daina share wurin da yake ajiye keken.

Wutar masallaci ta fara rauni. Da asuba lasifika takan yanke a tsakiyar kiran salla, ya ƙarasa da baki. Mutane suka fara gunaguni, wai yaron Rogo tsofaffin batura ya kawo ya ce sababbi ne. Malam Sulle yana zaune a cikinsu ana wannan magana, yana jan carbi, bai ce eh ba bai ce a'a ba.

Azumi ya zo cikin tsananin zafi. Ana tafsiri bayan la'asar, masallaci ya cika har waje, fankoki duka suna juyawa. Wata rana Malam Sulle ya manta bai cire cajar ba. Liman yana cikin fassara sai aka ji inbata tana kuka daga ɗakin ajiya, sannan komai ya tsaya cak. Warin ƙonewar waya ya biyo baya. Malam Sulle ya miƙe kafin kowa, ya ce bari ya duba. Ya shiga ya turo ƙofa, ya fizge cajar da ta yi zafi har ta ƙona masa yatsu, ya fitar da keken ta baya ya ɓoye shi a bayan dangar maƙwabci. Da ya dawo, wani dattijo mai hawan jini ya riga ya sulale saboda zafi, ana yi masa fifita da hula. Aka tashi tafsiri.

Washegari aka kira Ikrima. Dattawa suka tsare shi a ƙofar masallaci. Wani ya ce masa maha'inci. Wani ya ce ko kayan Allah bai bari ba. Shugaban wata makarantar Islamiyya da ya riga ya yi alkawarin ba shi aikin sola ya ce ya fasa. Ikrima bai ɗaga murya ba. Ya ce a ba shi dama ya duba. Malam Sulle ne ya buɗe masa ɗakin.

Saurayin ya durƙusa ya duba inbata, ya duba soket ɗin da ya narke, ya shafa baƙin da ke jikinsa. Sannan idonsa ya sauka a kan siminti, inda sawun taya ya zana hanya daga ƙofar baya zuwa gefen makara, sawu a kan sawu. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya dubi ƙyallen da ke naɗe a yatsun tsohon.

"Baba Ladan, sannu da hannu," ya ce a hankali.

Da ya fito ya ce wa dattawa kaya ne ya yi wa inbata yawa, zai tafi da ita ya gyara. Aka ce wane kaya, fanka huɗu? Ya ce shi dai abin da ya gani ke nan. Ya ɗaure inbatar a bayan mashin ɗinsa ya tafi, ana bin sa da baƙar magana.

Malam Sulle ya kasa shan ruwa yadda ya saba ranar. Ya kurɓi kunu ya ture kwanon. Barira ta zauna nesa da shi ta ce, "Yaron nan ɗan wani ne, Malam." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Ya yi kwanaki a haka. In ya zo tsallake ƙofar masallaci sai ya ji kamar kowa sawun tayar yake kallo, alhali ya share shi tuni. Rannan bayan sallar asuba ya bi liman har zaurensa, ya ajiye makullai a kan buzu, ya faɗi komai kansa a sunkuye. Malam Abdulmumini ya dube shi ya ce:

"Malam Sulle, da ka tambaye ni, da na ce a'a, da shi ke nan. Wutar ba ita ce babba ba. Babba shi ne kana tsaye ana zagin bawan Allah." Ya ɗauki makullin ɗakin ajiya ya sa a aljihu, ya tura masa na ƙofar masallaci. "Kiran salla ba za ka bari ba. Amma jama'a sai sun ji, kuma daga bakinka."

Bayan azahar Malam Sulle ya miƙe a gaban sahu ya faɗi abin da ya yi. Mutumin da muryarsa take kaiwa bayan gari, ranar sai da na sahu na biyu suka ce ya ɗaga murya. Ba wanda ya zage shi. Da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Mutane suka riƙa sunkuyar da kai suna neman takalmansu. Dattijon da ya kira Ikrima maha'inci ya wuce ta gabansa bai miƙa masa hannu ba.

Ranar kasuwar Rogo ya kama hanya da keken, babu caji, yana taka feda inda ya iya, yana turawa inda ya kasa. Bai taɓa sanin nauyinsa ba sai ranar. Ya iske Ikrima a shagonsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga. Saurayin ya taso da sauri ya karɓi keken ya ba shi benci.

"Ɗana, na zo ne ka yafe mini."

"Haba Baba. Ya wuce. Liman ya bugo mini."

"Aikin makarantar fa?"

"Sun riga sun ba wani." Ya faɗe shi ba tare da ɗaci ba, ya juya ya ɗauko sukundireba. Ya kwance akwatin batirin keken ya nuna masa. Cikin ya yi tsatsa, wasu ƙwayoyin sun kumbura. "Ruwa ya shiga, rana ta dafa shi. Ko an lallaɓa shi, batir yana da kwanansa, 'yan shekaru ne a canja. Wannan kam Allah ne ya tsare bai kama da wuta a ɗakin can ba. Kada a sake jona shi, Baba. Jikin keken lafiyarsa ƙalau, batir kawai yake so."

Malam Sulle ya dubi abin ya tuna tabarmin da ke jingine a ɗakin ajiya. Ya bar batirin a shagon, ya hau motar haya aka ɗaura masa keken a sama.

Labari ya isa Kano ba ta bakinsa ba. Bayan ƙaramar salla Maharazu ya zo gaisuwa, ya durƙusa inda ya saba, aka gaisa, aka tambayi gida da kasuwa. Bai ambaci masallaci ba. Da zai tafi ya ce zai wuce da keken a duba shi. Ya dawo da shi bayan wani lokaci da sabon batir, da faranti guda na sola da aka kafa a kan rufin ɗakin Barira. Wannan karon Munawwara ce ta zauna ta yi wa uwarta bayanin kula da shi dalla-dalla, uban yana daga zaure yana ji.

Malam Sulle yana nan da ransa, yana kiran salla. Makullin ɗakin ajiya yana hannun na'ibin liman. Keken Barira ce take jona shi, ita take cirewa, ita take cewa a shigar da shi inuwa. Duk inda ya ji ana neman mai haɗa sola, a gidan suna ko a wurin ɗaurin aure, yakan matsa kusa ya ce akwai wani yaro a Rogo, Ikrima, mai gaskiya ne. Waɗanda suka san labarin sukan kau da kai su bar shi ya gama.