Amaryar Mai Koma

A gidan cin kifin nan na hawan sama, wanda tagoginsa ke kallon titi mai cunkoso, ba wanda ya riƙe sunansa na yanka. Mai Koma ake ce masa, tun daga Manaja har masu wanke-wanke. Dattijo ne siriri, yatsunsa sun yi fari sun tattare saboda ruwan gishiri. Aikinsa tsayuwa gefen dogon akwatin gilashi da ke bakin ƙofa, cike da kifayen teku masu rai da kaguwa da aka ɗaure wa hannuwa. Baƙo ya nuna da yatsa, shi ya sa komar kamun kifi ya kamo, ya ɗaga kowa ya gani, ya wuce kicin.

Iyakar abin da baƙo ke gani ke nan. Ƙananan kifi da gaske ake dafa su. Amma akwai wani ƙato mai ɗigo-ɗigo, mai tsaga a wutsiya, wanda ba a samun irinsa da rai sai an dace. Shi ne kwalliyar gidan, shi masu hali ke nunawa. In an shiga da shi kicin, wani baho ne ke jiransa a bayan ƙofa. Kuku ya ciro wani mai girmansa daga firiza ya gasa. Baƙi na tafiya, Mai Koma ya naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma ya mayar.

Kuku ne ya raɗa wa kifin suna Amarya. "Kullum a kai ta, kullum ta yo yaji ta dawo," in ji shi.

Ba kowa ke iya ɗaukar ta ba. Wani ya taɓa gwadawa, ta yi ta dukan gilashi har ta kwana biyu ba ta ci ba. Mai Koma kuwa da ya tsoma hannu take tahowa ta kwanta masa.

"Baba, kai da Amarya tare na gaje ku," Manaja kan ce. "Sauran kifin nan ko da rariya sai a kama. Ran da ta tafi, ka shirya kayanka ka raka ta."

Da dariya yake faɗa. Mai Koma bai taɓa taya shi ba.

A wurin aiki bakinsa gum. A gida ne yake sakewa. Masunci ne ɗan masunci, kogin garinsu ya janye ya koro shi birni da mata da ƙaninsa Auta, wanda ya riƙe tun rasuwar mahaifinsu. Ciki ɗaya da falo suke, Auta na kwana a falo tsakanin littattafan makaranta. Da yamma yara su kewaye uban.

"Baba, yau sau nawa Amarya ta yi aure?"

"Yau wani mai tumbi ne ya ɗauke ta. Har yana ce wa matarsa, ji daɗin ɗanyen kifi, yanzu-yanzu yake numfashi."

Auta ya fi kowa dariya, har da dukan tabarma.

"Maigida, ka dinga kama bakinka," matar kan ce daga bakin murhu. "Abincinmu ne kake wasa da shi."

"Nan wa ke akwai? Daga 'ya'yana sai ƙanina."

Shekaru suka ja. Auta ya gama karatu, ya zama ɗan kwangila, ya koma unguwar da mai gadi ke tambayar mutum wurin wa ya zo. Bai yanke zumunci ba, sai dai yawanci direbansa ke kawo gaisuwar.

Wata Asabar bayan azahar, gidan ya cika, sai ga Auta ya hawo da baƙi uku masu manyan agogo. Mai Koma ya hango shi. Ya zaci yaron zai ɗauke kai ya wuce, har ya yafe masa a zuci. Ina ma hakan ya yi.

"Yaya!" Auta ya buɗe hannuwa ya rungume shi, bai damu da ƙarnin rigar ba. Ya juya ga baƙinsa. "Wannan yayana ne, shi ya yi mini komai. Ni kun gan ni nan, ɗan gida ne. Ba a yi mini rufa-rufa a wurin nan."

Manaja ya matso da murmushinsa na manyan baƙi. "Sannunku da zuwa, yallaɓai. Wanne za a kamo muku?"

Auta ya sunkuya ya leƙa gilashin, ya ƙwanƙwasa da makullin mota. "Ga ta nan, mai tsagar wutsiya. Amarya ke nan, ko Yaya? Ashe tana nan da ranta."

"Auta," Mai Koma ya ce a hankali, "ga wasu can sun fi ta taushi. Wannan ta tsufa."

"Kun ji ko? Kishi yake." Baƙin suka yi dariya. Auta ya ɗaga murya yadda teburan kusa za su ji. "Bari in ba ku labari. Kifin nan ya fi mu zuwa kicin. A kai shi bayan ƙofa, a kawo maka na firiza, kana tafiya a dawo da shi. Yaya ne ke ba mu labarin tun ina makaranta. To ni yau a gabana za a yanka."

Wata mata a teburin kusa ta ajiye cokalinta ta dubi farantinta. Murmushin Manaja bai gushe ba, wuyansa ne kawai ya kumbura.

"Wasa dattijon ke yi muku a gida, yallaɓai. Baba, kamo ta. Kuku, fito da katako da wuƙa nan."

Mai Koma ya tsaya da koma a hannu.

"Baba, baƙi na jira."

Bai yi amfani da komar ba. Ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu, ta taho kamar kullum ta kwanta masa. Ya ɗago ta, ta yi lamo, tana jiran bahonta. Kuku bai yarda sun haɗa ido ba. Ɗaya daga cikin baƙin ya ɗaga waya yana ɗauka, yana cewa a ɗan juyo da kan ta wajen haske.

Da aka kawo ta a dogon faranti, da lemon tsami a gefe, Auta ya jawo kujera. "Yaya, zo ka zauna. Tun da kake a gidan nan ka taɓa cin kifinsu kuwa?"

"Ina bakin aiki."

Ya koma gefen akwatin ya tsaya. Daga nan yana jin su sarai.

"Kai, wannan ai taya ce."

"Na wancan zuwan ya fi daɗi, wallahi."

"Na firizan ke nan," wani ya ce, suka kwashe da dariya. Suka ɗan tsakuri gefe ɗaya, suka ture, suka sa aka kawo jatan lande.

Da za su tafi, Auta ya dafa kafaɗarsa. "Yau dai na rama wa mutanen gari. A gaida Anti da yara."

Bai kai ƙasan bene ba Manaja ya yafito Mai Koma zuwa bayan ƙofar kicin, gefen bahon.

"Baba, ba zan ɗaga maka murya ba, ka haife ni. Na sha gaya maka. Ka ajiye rigar wurin Kuku."

"Yallaɓai, in aka samo wata, zan iya saba mata da hannu."

"A samo wa wa? Gobe duk gari sun gani a waya."

Kuku ya biyo shi har matakala da leda mai nauyi. "Karɓi. Ba su ci komai ba, bola za ta tafi."

A motar haya mutane suka yi ta jan hanci suna matsawa. Ya rungume ledar a cinya, da sauran ɗuminta.

A gida matarsa ta buɗe ledar, ta ga wutsiyar, ta dube shi. Ta juye a tire ta kira yara. Ƙaramar, wadda ba ta taɓa ganin kifi mai girman haka ba, ta cika baki tana zare ƙaya.

"Baba, ba ka ci? Yau wa ya auri Amarya?"

"Kawunku," ya ce. "Ku ci a hankali, akwai ƙaya."